Turke a Ƙarƙashin Rairayi

Hoton ya shigo salular Fatu ne da hantsi, tana tsaye a kan jigawar da ke bayan ƙauyensu, a gefen kwarin Tarka. Nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa, shi ma sai ya ga dama, sai kuma mutum ya ɗaga hannu sama ya yi ta lalube. Bazara ta kai maƙura, rairayi ya fara cin tafin ƙafa tun rana ba ta yi nisa ba. Fatu ta kare fuskar salular da gefen mayafinta, ta ƙura ido. Baƙi ne wuluk, a tsakiyarsa wani zobe ruwan garwashi, dishi-dishi, cikin zoben kuma duhu. Ta juya salular ta kai, ta juya ta gefe. Ta kowace fuska aka duba, abin bai yi kama da komai ba.

A ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya daga Rahama, wadda ke karatu a jami'ar Yamai. Fatu ta danna, ta kanga a kunne.

"Inna, kin gan shi? Jiya aka nuna shi. Wallahi ko abinci na kasa ci don murna. Inna, a kansa zan ƙare rayuwata..." Nan maganar ta tsinke, ta yi ƙugi, ta dawo. "...Afirka ta Kudu sun ce in zo, sun ba ni bursu, su za su biya kuɗin karatun. Amma ba inda za ni sai Baba ya sa albarka. Ki gaishe da..."

Shi ke nan. Fatu ta saurara har sau nawa, ba ta ƙaru da komai ba. Ta danna wurin amsa, ta ce, "To. Allah ya taimaka." Abin da take cewa ke nan kullum, ko an ci jarrabawa ko an kwanta zazzaɓi.

Kada wani ya ce ba ta damu ba. Rahama ce ɗiyarta ta fari, kuma wanda ya tashi a Damargu ya san nauyin wannan. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsoma baki a maganarsa gaban mutane. Kunya ce, da ita aka gan mu. Ana yaye Rahama aka kai ta ɗakin kakarta a gidan Gajere, yayan mijin Fatu, can ta girma. Da mijin ya rasu, Gajere ya zama shi ne uba, shi ne wuƙa shi ne nama. Wasu matan zamani sun fara sassauta wannan kunya, amma ban da Fatu. Yarinya ta shekara ashirin da ɗoriya, sunanta bai taɓa fita daga bakin uwarta ba. In dole ta kama, sai ta ce "ta Yamai", ta kuma kawar da kai.

Kuskuren Fatu ɗaya ne a ranar: da ta sauko, ta biya gidan Hawwa.

Hawwa tsohuwar ungozoma ce. An taɓa kai ta Tanut ta yi ƴan kwanaki ana koya musu wanke hannu da yankan cibiya, tun daga nan babu ciwon da ba ta san sunansa da Faransanci ba. Ta karɓi salular, ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, sai ta dafe ƙirji.

"Fatu, zauna."

"Ina zaune ai."

"To ƙara zama. Wannan eko ne. Hoton ciki, irin wanda ake ɗauka a likita. Ga mahaifa nan ta yi zobe, ga ɗan tayi a tsakiya bai gama haɗuwa ba. Wata uku, ko ya ɗan gota."

Fatu ta ji ƙasa ta yi sama. Da ƙyar ta ce, "Amma wanda na taɓa gani na Raishatu maƙwabciyata toka-toka ne."

"Na Tanut ke nan. Na Yamai mai kala ne, komai nasu ai ya fi namu. Me ta ce a maganar?"

"Ta ce a kansa za ta ƙare rayuwarta."

"To ki ji fa," in ji Hawwa. Ta rantse da girman Allah maganar ba za ta wuce ɗakin nan ba, kuma kafin la'asar har masu ban ruwan raƙuma a bakin rijiya sun ji.

Gajere ya ji. Sunan nan tun yana yaro ya bi shi, amma yanzu sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Mutum ne mai rumbuna, mai magana ɗaya, wanda bai taɓa hawa jigawa neman rezo ba, don a ganinsa dattijo ba ya tsayawa a tudu yana ɗaga hannu kamar mai koran tsuntsaye. Ran nan ya hau, da babbar rigarsa. Mutane suka hango shi daga nesa yana magana yana sara iska da hannu. Rahama ya kira. Ta fara da dariya, da ta gane da gaske ake sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, baƙin rami ne! A sama yake, a tsakiyar taurari!" Gajere ya sauko kansa ya fi ɗaurewa fiye da yadda ya hau.

Ya tara mutanen gida a ƙofar zaure, ya aika aka kira Fatu. Ta durƙusa daga gefe.

"Ni ban ce ta yi abin kunya ba," ya ce, "ban kuma ce ba ta yi ba. Ban gane ba ne. Rami dai a ƙasa na san shi. Yarinya a waya tana iya faɗin komai, ƴan lakwal masu karatun boko kuma bakinsu ɗaya, in ka tambayi wannan ya rufa wa wancan. Saboda haka uwarta ta zo Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, ta gaya mini a gaban kowa mene ne a hoton nan, da abin da zai sa ɗiya mace ta ƙetare ƙasashe dominsa. In na gane, ta tafi da albarkata. In ban gane ba, ta tattaro kayanta ta dawo kafin shuka."

Kowa a wurin ya san abin da dattijon ya yi. Ya hana ne ba tare da ya ce ya hana ba. Wace uwa ce za ta tsaya gaban surukai ta yi wa ɗiyar fari lauya? Balle Fatu. Aka watse, kowa ya ɗauka magana ta mutu.

Ranar kasuwar Belbeji, Fatu ta ɗora wa jakarta ta hawa cuku kamar yadda ta saba, ta kama hanya tun da sanyin safiya. A bayan kasuwa, inda ake ajiye dabbobi, babu itace ko ɗaya, rairayin kuma ba ya riƙe turke, ko an kafa shi jaki ɗaya zai fizge ya yi gaba. Don haka mutanen wurin binne shi suke yi. Fatu ta durƙusa ta tona rami da hannu har gwiwar hannunta ta shige, ta ɗaura igiya a tsakiyar wani guntun itace, ta kwantar da shi a gicciye a ƙasan ramin, ta mayar da rairayi ta tattake. Ta ja igiyar ta ji ta kafe. Sai dai maimakon ta nufi layin masu cuku, sai ta nufi rumfar mai shayi da ke kusa da koleji, inda aka ce mata Mushe Haris yana zama.

Mushe Haris, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, shi ya koya wa Rahama lissafi da kimiyya tun tana ƙaramar ɗaliba. Siriri ne, mai tabarau, mai son a tambaye shi abu. Da suka gama gaisawa Fatu ta miƙa masa salular. Yana gani ya yi tsalle, saura kaɗan ya zubar da shayi.

"Hajiya, ke ma ya iso miki? Dubi!" Ya zaro tasa salular, ga hoton nan, shi ɗin dai, ba bambanci. "Duniya kaf tana da shi. Daga Sin har Amirka jiya da shekaranjiya maganarsa ake yi."

"Ba na ciki ba ne?"

"Cikin wa?"

Ta sunkuyar da kai ta yi ta hamdala a ranta, har idonta ya kawo ruwa. Wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Amma da ta ɗago sai ta tuna ba a gama ba, don abin da Gajere ya nema shi ne a gaya masa ko mene ne a hoton.

"Mushe, to mene ne? Ka faɗa mini yadda zan iya faɗa wa wani."

Ya gyara zama, fuskarsa ta cika da annuri. Wannan ne abin da ya kamata ya tsorata ta.

"Kin san kowane tauraro rana ce irin tamu, nisa ne ya ƙanƙanta shi?"

"Rana da dare?"

"Bar wannan tukuna. Tauraro wuta yake ci. In babba ne ƙwarai, ranar da makamashinsa ya ƙare sai nauyinsa ya fi ƙarfinsa, ya rufta cikin kansa, yadda tsohuwar rijiya take ruftawa. Ya dunƙule, ya ƙara dunƙulewa, har abin da ya ninka rana girma ya koma faɗinsa bai kai daga nan zuwa Tanut ba. Amma nauyin yana nan, bai je ko'ina ba. Shi ake kira baƙin rami."

"To rami ne ke nan."

"Sunansa ke nan, amma ba rami ba ne. Babu abin da ya kai shi cika a halittar Allah."

"Rami ne wanda ya cika."

"A'a. Wato... eh. Ki bar shi a haka."

"Wannan na hoton, wane tauraro ne ya mutu? Ni dai ban ga wanda ya ɓace ba, Zara tana nan, Kaza da ƴaƴanta suna nan."

"Wannan kam ya wuce tauraro ɗaya. Nauyinsa ya kai na rana miliyan huɗu. Yadda aka yi ya kai haka, su masanan ma ba su gama ganewa ba. Irin abin da Rahama za ta je nema ke nan."

Da ya kama sunan, Fatu ta kawar da kai ta dubi buhun gawayin mai shayi, kamar an yi maganar wata baƙuwa. Mushe bai lura ba. Ya sauko daga benci ya zana da'ira a ƙasa da yatsa.

"Wannan iyakarsa ce. Daga wajenta kina iya wucewa ki tafi abinki. Amma duk abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa. Ko haske ba ya fitowa. Ko labarin abin da ya shiga ba ya fitowa."

Wannan kam ta ji shi, har cikin cikinta ta ji shi. Ta dubi zanen ta daɗe.

"Can za ta?"

"Haba Hajiya! Hasken da ya taso daga gefensa ma sai ya yi shekaru dubbai kafin ya iso mu. Daga nan ƙasa za ta riƙa kallo, da manyan na'urori."

"Ka ce haske ba ya fitowa. To me aka ɗauka a hoton?"

"Ba shi aka ɗauka ba. Jan nan da kike gani iska ce da ƙura da ke kewaya shi, sun yi zafi har suna haske. Shi kansa shi ne duhun tsakiya."

"Wato hoton abin da babu shi a cikin hoton."

"Yauwa!" in ji Mushe, ya tafa hannu. "Kin gane!" Ita kuwa ƙorafi ta yi, ba ganewa ba.

Ta yi ƙarfin hali ta ƙara tambaya ɗaya. Tun da ba a ganinsa, wa ya fara cewa yana nan? Mushe ya ce shekara da shekaru masana suna kallon wasu taurari a can tsakiya, suna ganinsu suna zagaya wani wuri da gudu, wurin kuma fili ne, babu komai. Daga yadda suke zagayen aka san akwai abin da ya riƙe su, har aka auna nauyinsa.

"Da me ya riƙe su?"

"Da nauyi."

"Mushe, nauyi ƙasa yake kai abu. Ban taɓa ganin nauyi ya sa abu zagaye ba."

Nan ya shiga bayanin yadda abu yake faɗuwa amma ba ya isa, yana ta faɗuwa yana kuskure wurin faɗuwar. Ya ɗauki ƙaramin kofin shayi yana juya shi kewaye da buta. Mai shayi ya karɓe kofinsa. Fatu ta ciro cuku biyu ta ajiye wa Mushe, ta yi godiya, ta tashi kanta yana juyawa. Ta zo da tambaya ɗaya, ga shi za ta koma da kaya guda.

Cukun ma ranar a arha ta zubar da shi, ba ta san me take yi ba. Da rana ta karkata ta fito bayan kasuwa. Yawancin dabbobin an kwashe, sai jakarta can ita kaɗai a fili. Ƙudaje sun dame ta, tana ta tafiya, ta yi nan, ta kewayo, ta sake kewayowa. Daga inda Fatu take igiyar ba ta ganuwa, launinta ɗaya da rairayi. Jaka ce kawai tana zagaya wurin da babu komai, kofatonta ya zana zobe a ƙasa, tsakiyar zoben kuma lumui, ko sawu babu.

Fatu ta tsaya cak. Baƙon da bai san garin ba zai ce jakar ta haukace. Amma duk ɗan Damargu, ko bai ga lokacin da aka tona ba, zai nuna maka daidai inda turken yake kwance, zai ma gaya maka ko an binne shi da zurfi, daga yadda dabbar ta ja ta kasa.

Ta ɗan ji wani haske a kanta, sai kuma ya dushe. To su taurarin ina igiyarsu? Mushe ya ce babu igiya. Turke babu igiya, rami a cike, hoto babu mai hoto. Ta tone itacenta, ta hau, ta kama hanyar gida da rabin ganewa, rabin kuma ta san har ta mutu ba za ta same shi ba.

A hanya ne wani tunani ya zo mata, ya ƙi tafiya. Ai ba sai ta yi komai ba. Ranar Juma'a ta yi zamanta a ɗaki, ba wanda zai zarge ta, yabonta ma za a yi, a ce Fatu ta san kunya. Yarinya ta dawo kafin shuka, ta samu aikin koyarwa a Belbeji ko Tanut, inda jaka take iya kai mutum. Ta riƙa ganinta ranar kasuwa, ko daga nesa ne. Fatu tana son haka, so mai tsanani, har ta ji kunyar kanta. Amma muryar nan ta saƙon tana ta dawo mata, muryar wadda ta kasa cin abinci don murna. Tun yarinyar tana rarrafe Fatu ba ta taɓa yi mata wani abu a fili ba. Ta isa gida ba ta san wanne za ta ɗauka ba, kwanakin da suka biyo baya kuma ta sa gishiri a kunu, ta kira akuya da sunan ƙaramin ɗanta.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Gajere da mazan gidan suka tarar da jakar Fatu a filin ƙofar zaure tana kewaye-kewaye. Suka zauna a tabarma. Mata suka leƙo ta kan darni, Hawwa a gaba. Ba wanda ya zaci za a yi wani abu, an zo ne a cika umarni a watse. Sai ga Fatu ta fito, ta ja mayafi har goshi, ta durƙusa nesa da tabarmar.

"Yaya, ina wuni. Na zo."

Gajere ya dube ta da mamaki. "To. Muna ji."

"Hoton nan ba na ciki ba ne. Yana salular Mushe Haris, yana salular mutanen Sin." Hawwa ta ɗan janye kanta daga darni. "Tauraro ne, wato rana ce ta dare. Itacenta ya ƙare sai ta rufta. Amma wannan ɗin ba ita ba ce, ya fi ta. Rami ne, sai dai a cike yake."

Wani daga cikin samarin gidan ya tuntsire da dariya, aka harare shi.

"A cike da me?" in ji Gajere.

"Ban sani ba, Yaya."

"Wa ya haƙa shi?"

"Ba a haƙa ba. Nauyi ne."

"Nauyin me?"

"Nauyin... kansa." Gumi ya jiƙa mata wuya. Duk abin da ta tsara a ɗaki ya watse. Ta nuna jakar da hannu. "Yaya, ina turken jakar can?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ga shi can a tsakiya, kin binne."

"Ka gan shi?"

"Sai na gan shi? Ba ga ta tana zagaya shi ba?"

"To haka suka yi. Sun ga taurari suna zagaya wurin da babu komai, shekara da shekaru, suka ce akwai abin da aka binne a nan. Yanzu sun ɗauko hoton wurin. Shi ba ya fitowa a hoto, sai abin da ke kewaye da shi. Yadda aka yi ya yi girma haka ba wanda ya sani, shi ne za a je a nemo. Iyakar abin da na gane ke nan. Igiyar ce ban gane ba, Mushe ya ce babu."

Gajere ya daɗe yana kallon jakar, yana shafa gemu. Ba za a ce ya gane baƙin rami ba, amma turke kam ya gane shi. Sai dai dattijo ba ya sakin magana da sauƙi, kuma yana da sauran kibiya ɗaya, wadda ya tabbata ba ta kuskure.

"Na ji. To wa za ta je neman? Gidan nan ƴan mata da yawa, na ƙi in sa wa wata albarka ta tafi a madadin wata. Wa kike roƙa wa?"

"Ta Yamai."

"Ɗiyar Zakari na gidan nan ma tana aure a Yamai."

Mata suka dubi juna. Wannan kam mugunta ce, kowa ya sani. Fatu ta waiga. Ƙofar ɗakinta tana nan kusa, taku kaɗan ne, ta shige a ce ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta dubi ƙasa. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake buɗewa.

"Rahama," ta ce. Sunan ya fito a shaƙe, baƙo a bakinta. "Rahama nake roƙa wa. Ɗiyata."

Hawwa ta rufe baki da tafin hannu. Wata tsohuwa ta ce la'ilaha illallahu. Gajere ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuma idonsa ya yi ja.

"Tun ranar da aka kawo yarinyar nan gidan nan," ya ce a hankali, "kullum sai kin zo aron rariya, alhali kina da taki. Da ta tafi Yamai kuma kika koma hawa jigawa. Mun daɗe muna ganin zagayen, Fatu." Ya share fuska da hannun riga. "Ta tafi. Allah ya yi mata albarka, ya sa ta samo abin da take nema, ko mene ne shi."

Aka shafa fatiha. Fatu ba ta tsaya jin surutun mata ba. Ta ɗauki salula ta nufi jigawa, rana tana dukan tsakar kanta, ba ta ko sa takalmi daidai ba. Ta ci nasara, kuma ba ta taɓa jin ta yi rashi irin na yau ba. Da hannunta ta tone turken.

A saman tudun ta ɗaga hannu ta yi ta lalube har rezo ya kama. Ta danna wurin magana.

"Baban naki ya sa albarka." Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba. "Mushe ya ce akwai wata iyaka, in an ƙetare ta ba a dawowa, ko labari ba ya fitowa. Ita Afirka ta Kudun nan, ta wannan gefen take ko ta wancan? Ki gaya mini gaskiya, Rahama."

Saƙon ya daɗe yana juyi kafin ya tafi. Ta tsaya tana sauya ƙafa a kan rairayi mai zafi. Can sai amsa ta shigo. Da farko ba a jin komai sai numfashi da jan hanci.

"Ta wannan gefen take, Inna. Ana dawowa, wallahi ana dawowa." Ta sake jan hanci. "Inna, ƙarshen maganarki bai fito ba, rezo ya yanke. Ki sake faɗa."

Fatu ta dubi salular. Rezo a cike yake, bai taɓa cika haka ba a tudun nan. Ta waiga hagu da dama, babu kowa sai wani raƙumi can nesa yana cin ƙaya. Ta goge idonta da gefen mayafi, ta danna, ta sake faɗa, har da sunan.